Kundin Aikin Daidaita Sito a Wani Shagon Sari na Babbar Kasuwar Gombe

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na soma aikin da Baffana ya ɗora mini na daidaita lissafin kayan da ke shiga da fita a shagonsa na sarin kayan masarufi da ke Babbar Kasuwar Gombe, kuma na ƙudurta in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya, domin in samu abin komawa in duba inda aka gyara da inda aka kuskure. Shagon ya haura shekara 20, yana da kanta a gaba da sito mai ɗaki 2 a baya, kuma mutum 4 ne suke aiki a cikinsa ban da 'yan dako. Duk tsawon wannan lokaci da ka Baffa yake riƙe lissafinsa, sai wani littafi guda da yake rubuta manyan basussuka a ciki. Allah ya yi masa baiwar riƙe abu, don yana iya faɗin farashin da ya sari buhun sukari shekara 5 da suka wuce ba tare da ya yi jim ba.

Abin da ya tayar masa da hankali shi ne, a ƙarshen bara ciniki ya yi kyau kamar yadda aka saba, amma da ya tashi yin sari sai kuɗin da ke hannu suka kasa mayar da gurbin kayan da suka fita. Daga nan aka fara ƙus-ƙus a kan yaron da ke riƙe da makullin sito, wanda ya shekara 7 tare da mu. Baffa ya kira ni ya ce, "Ɗana, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni kuwa ba na son ɗaukar alhakin kowa. Tun da ka yi karatun lissafi, zo ka gano mini inda kayan nan suke shiga." Na karɓa bisa sharaɗi ɗaya, wato duk ƙa'idar da za a kafa ta hau kan kowa, har da shi mai shagon.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Mun rufe shago yini guda muka yi ƙidayar farko, saboda babu lissafin da zai tsaya matuƙar ba a san abin da ke ƙasa ba a ranar da aka fara shi. Na raba mu gida 2, kowane rukuni ya ƙirga ɗaki ɗaya, sannan aka yi musanya, duk inda adadi ya saɓa kuma aka sake ƙirgawa a gaban kowa.

Kafin a taɓa komai sai da muka yi matsaya a kan ma'auni. Sukari da fulawa da shinkafa da buhu mai kilo 50 ake saro su, man girki da jarka mai lita 25, taliya da madara da tumatir kuma da katan, amma a kanta ana ɓalle katan a sayar da rabi ko dozin, ana kuma buɗe buhu a auna da mudu. Idan mai ƙidaya ya rubuta "madara 12" ba a san ko katan yake nufi ko gwangwani ba. Mun yanke cewa sito bai san komai ba sai cikakken buhu da cikakkiyar jarka da cikakken katan, duk abin da aka ɓalle ya fita daga lissafin sito ya koma na kanta.

Mun samu nau'in kaya 143, alhali Baffa yana tsammanin ba su kai 100 ba. Abin da ya fi sosa mini rai yana can ƙuryar ɗaki na biyu, inda muka tarar da katan 31 na tumatirin gwangwani da wa'adinsu ya ƙare tun watan Oktoba, da buhun fulawa 4 da suka dunƙule saboda an jibge su a kan siminti tun damina. Babu wanda ya ɓoye su. Sabon kaya ne yake zuwa a sauke shi a bakin ƙofa inda ya fi sauƙi, a yi ta ɗiba daga nan, tsohon kuma yana ta matsawa ciki har aka manta da shi. Hukumar NAFDAC ta wajabta a buga ranar yin kaya da ranar ƙarewar wa'adi a jikin abincin da aka sarrafa, amma rubutun bai amfana mana komai ba tun da ya fuskanci bango. Baffa ya ba da umarni a lalata tumatirin gaba ɗaya, ya ce abin da ba zai kai gidansa ba, ba zai sayar wa gidan wani ba.

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

An fara aiki da katin kaya. Kowane nau'i yana da katinsa na kwali a rataye kusa da inda yake, an ja masa layi 6: kwanan wata, inda kayan suka fito ko suka nufa, adadin da ya shigo, adadin da ya fita, abin da ya rage, sai sa hannu. Ƙanena ya so mu fara da kwamfuta kai tsaye, ni kuwa ban yarda ba, domin wuta ba ta da tabbas a layinmu, kuma wanda bai saba ɗaukar biro a lokacin da katan ke fita ba, ba na'ura ce za ta koya masa ba.

Mun kuma sake jerin sito. Sabon kaya yana wucewa baya ko ƙasa, tsoho ya dawo gaba, wanda ya fara shigowa shi ne zai fara fita, sai dai in wani ya fi shi kusa da ƙarewar wa'adi, to wannan shi ke gaba ko da jiya ya iso. An rubuta watan ƙarewar wa'adi da babban baƙi a gefen katan da ke kallon mai shigowa. 'Yan dako sun yi gunaguni saboda aikinsu ya ƙaru, kuma suna da gaskiya, don haka aka ƙara musu ladan sauke kaya.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Bayan mako 2 na ƙirga nau'i 10 na gwada da katunansu, kuma 4 ba su dace ba. Taliya ta gaza da katan 9, shinkafa da buhu 3, man girki da jarka 2, madara da katan 4. Yaron sito bai ce komai ba, amma na ga yadda fuskarsa ta canza. Na roƙi Baffa kada a yi magana da kowa sai na bi sawun kowane ɗaya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2025

Wannan makon shi ne mafi muhimmanci tun da aka fara aikin, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

Na fara da shinkafa. Buhu ɗaya gidan Baffa aka kai, shi da kansa ya aiko mai kura ya ɗauka ranar wata Alhamis. Na biyu gudummawar biki ce da aka kai wa 'yan uwa a Kumo. Na uku bashi ne aka bai wa wata mai sayar da abinci a Tashar Dukku wadda ta daɗe tana hulɗa da shagon, kuma ba a rubuta a littafin bashi ba saboda, a cewar Baffa, ba ta taɓa wuce mako ba ta biya ba. Taliya kuwa, katan 5 wani ɗan sari daga Bajoga ya bugo wa Baffa waya aka ɗora masa a mota, katan 2 an kai kanta da rana tsaka ana cikin cunkoso ba a rubuta ba, sauran 2 kuma tun daga Kano ba su iso ba, domin an sa hannu a takardar rakiyar kaya a kan katan 200 alhali 198 aka sauke. Jarkar mai ɗaya ta tsage ta tsiyaye an zubar da ita, ɗayar kuma sadakar Juma'a ce. Madara ba ta ɓata ba ko kaɗan, an rubuta fitar ƙaramin gwangwani ne a katin babba.

Babu katan ɗaya da aka sata. Mafi yawan giɓin ya fito ne daga kayan da suka fita ta halastacciyar hanya amma ba a rubuta ba, kuma mafi tsadarsu da umarnin mai shagon suka fita. Yaron sito yana ganin nauyin ya tsayar da Alhaji ya ce sai ya sa hannu, wannan kuwa tarbiyya ce, ba laifi ba, amma ita ce ta jefa shi cikin zargi.

Na samu Baffa bayan sallar isha'i na shimfiɗa masa takardun. Na ce, "Baffa, dukiyarka ce, babu mai hana ka kai abinci gida ko yin alheri, abin da nake roƙo kawai shi ne a rubuta, domin in ba a rubuta ba, kyautar da ka yi don Allah sai ta koma tuhuma a kan wanda bai ji ba bai gani ba." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tuna mini cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Washegari da safe ya tara ma'aikata ya wanke yaron a gaban kowa, ya nemi afuwarsa, ya kuma umarce shi da kada ya sake fitar da ko ƙullin gishiri sai da rubutu, ko da shi Alhaji ne ya aiko.

Mun ƙara shafi 3 a littafin shago: na gida, na sadaka da kyauta, da na abin da ya lalace. Mun kuma kafa cewa direba ba zai tashi ba sai an gama ƙirga abin da ya sauke an gwada da takardarsa, duk abin da ya gaza ko ya fashe a rubuta a jikinta shi ma ya sa hannu.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025

Da yake katunan sun tara bayanin kusan wata guda, na jera kayan bisa kuɗin da kowanne yake kawowa, sai na ga nau'i 21 daga cikin 143 su ne suke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na cinikin shagon. Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 masanin tattalin arzikin nan ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, ya lura cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane ƙalilan, daga baya masu kula da kaya suka ari wannan tunani suna raba hajarsu aji 3. Mu ma haka muka yi. Ajin farko, irin su sukari da shinkafa da taliya da man girki da fulawa, ana ƙirga su kowane mako, na tsakiya kowane wata, ƙananan kaya irin su ashana da tsinken sakace sai bayan wata 3.

Ga ajin farko na fitar da adadin da in kaya suka sauko gare shi dole a yi odar sabo. Lissafin ba shi da wuya: abin da ake sayarwa a rana, a ninka shi da kwanakin da kaya suke ɗauka kafin su iso, a ƙara na ko-ta-kwana. Taliya tana fita katan 18 a rana, kaya daga Kasuwar Singa ta Kano kan ɗauki kwana 4 daga biyan kuɗi zuwa saukewa, na ƙara kwana 3 saboda lalacewar mota ko jinkirin lodi a kan hanyar Darazo da Dukku, ya zama kwana 7, wato katan 126. Sukari buhu 6 ne a rana, nasa ya kama 42. An rubuta wannan adadi da jan biro a saman kowane kati.

Ƙanena ya kawo zancen tsarin da kamfanin Toyota na Japan ya shahara da shi, na kawo kaya daidai lokacin da ake buƙatarsu ba tare da tara su ba. Tsari ne mai kyau ga wanda masu kawo masa kaya suke kusa kuma hanyarsa take da tabbas. Ɗan kasuwar Gombe da ke jiran mota daga Kano ba zai iya zama babu ajiya ba, abin da zai iya shi ne ya san iyakar ajiyar da ta ishe shi.

Litinin, 10 ga Maris, 2025

An ɗauki azumi ranar Asabar 1 ga wata, kuma lissafina na sukari ya rushe a makon farko. Na gina shi a kan cinikin ranakun da ba na azumi ba, alhali masu kunu da masu shayi da masu rabon sadaka sun ɗaga shi zuwa buhu 15 a rana. Buhu 42 bai kai kwana 3 ba, motar kuma ta yi kwana 6 saboda kowa lodi yake nema a Kano. Mun yi kwana 3 babu sukari, masu sayenmu na kullum suka tsallaka shagon maƙwabci, wasunsu kuma a can suka haɗa sauran sayayyarsu. Baffa ya faɗa mini tun a Sha'aban cewa adadin ya yi kaɗan, ban ba maganarsa nauyin da ya kamata ba saboda ba ta cikin kati. Na gyara adadin sukari da gero da madara da man girki, na kuma buɗe shafi na musamman don cinikin azumi, domin baɗi a samu abin dogara.

Asabar, 22 ga Maris, 2025

A Ramadan shekarar zakkar Baffa take cika. Malamin da yake yi masa fatawa ya bayyana cewa a mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da kayansa suke jujjuyawa kullum yana yi wa hajarsa ƙima sau ɗaya a shekara bisa farashin ranar, ba farashin da ya saro ba, ya haɗa da kuɗin da ke hannu da basussukan ciniki da yake sa ran za a biya, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa 40. Kanta da sikeli da sauran kayan aiki ba sa shiga. A shekarun baya da kintace ake yi, Baffa ya kan ƙara wani abu a kai don gudun tauyewa. Bana cikin awa 2 muka fitar da adadin daga katunan da littafin bashi. Ban taɓa ganin Baffa ya gamsu da aikin nan kamar yau ba, ya ce wannan ne karo na farko da ya san haƙƙin Allah da ke cikin sitonsa da tabbaci.

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Bayan ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 30 ga Maris, kasuwa ta lafa, sai na juya kan kayan da suka yi kwantai. Na raba adadin kowane kaya da abin da yake fita a rana don in ga kwana nawa zai yi kafin ya ƙare. Taliya tana juyawa cikin kimanin kwana 10. Wani sabulun wanka kuwa akwai katan 60, kuma katan ɗaya ne yake fita a kwana 3, wato sai ya yi kwana 180. An saro shi da yawa ne saboda dillali ya yi rangwame, amma kuɗin da suka kwanta a cikinsa da a taliya aka sa su da sun juya sau 18 a wannan tsakani, kowane juyi da ribarsa.

Na fahimci dalilin da ya sa 'yan kasuwarmu suka ƙara son tara kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashi ya yi ta hawa, har ya zama wanda ya ajiye kaya ya fi wanda ya ajiye kuɗi, wanda kuma ya sayar bisa tsohon farashin sari sai ya wayi gari bai iya mayar da gurbin abin da ya sayar ba. Wannan ma yana cikin abin da ya ci jarin Baffa bara. Sai dai ajiyar tana da amfani ne ga kayan da ake nema kuma ba sa lalacewa, ba ga sabulun da ƙamshinsa ke gushewa a zafin Afrilun Gombe ba. Mun daɗe muna muhawara, don Baffa bai saba sayar da abu ba riba ba. A ƙarshe ya amince a karya farashin nau'i 11, wasu a kan uwar kuɗi, a haɗa su da kayan da ke tafiya ga 'yan sarin ƙauye. Na kuma ƙara layi a kati don farashin sari na ƙarshe, ta yadda farashin sayarwa zai riƙa bin kuɗin mayar da gurbi.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025

An shirya wa damina. Kafinta ya yi mana dandamalin katako 14, an ɗaga dukan buhuna daga ƙasa, an bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu da bango, an toshe ramukan ɓera 3, an kuma raba sabulu da omo daga fulawa da madara saboda wari. Yanzu da hannu ya saba da rubutu, ƙanena yana kwafe katunan ajin farko cikin manhajar lissafi ta Excel a kwamfuta kowane dare, amma katin da ke rataye a sito shi ne asali.

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Jiya muka yi cikakkiyar ƙidaya ta biyu, kwana 9 bayan babbar Sallah. Nau'in kaya ya sauko daga 143 zuwa 128 saboda an daina saro waɗanda ba sa tafiya. A cikinsu 122 sun dace da katunansu daidai, 5 an gano dalilin saɓaninsu a take, duk kuskuren tarawa ne, sai katan ɗaya na sinadarin ɗanɗano da har yanzu muke bin sawunsa. Babu kayan da wa'adinsu ya ƙare, akwai dai katan 8 na madara da saura wata 2, an fito da su gaba. Shafin gida ya nuna wa Baffa abin da iyali suke ci daga shago a wata, ya kuma yanke wa kansa adadin da zai riƙa ɗauka ranar 1 ga kowane wata maimakon aike na kullum.

Yaron sito ne ya jagoranci ƙidayar, ni na tsaya a matsayin mai rubutu, kuma shi ne ya gano cewa ruwa yana ɗiga ta kusurwar gabas ta ɗaki na biyu, muka matsar da buhun gishiri 20 kafin su jiƙe. Mai gyaran kwano zai zo jibi. Aikin da ya rage shi ne lissafin kanta, inda ake auna mudu ana ƙara gyara, wanda ya fi na sito wuyar kamawa, kuma za mu fara da sukari da shinkafa ta hanyar ƙirga mudu nawa kowane buhu yake bayarwa a zahiri. Ƙidayar ajin tsakiya ta gaba za ta kasance ranar Lahadi 13 ga Yuli, in Allah ya kai mu.